Yadda Ake Daidaita Samfurin Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa a Kwamfuta

Wanda ya gina samfurin ruwan ƙarƙashin ƙasa, wato kwaikwayon tafiyar ruwan wani yanki da lissafin kwamfuta, a karon farko yakan ɗauka ya gama aiki ranar da kwamfuta ta kai lissafi ƙarshe ba tare da ta tsaya ba. Alhali a ranar ne aikin ke somawa. Samfurin zai ba ka tsayin ruwa a kowane gida, wato ƙananan yankunan da aka yanka taswirarka, amma da ka ajiye lambobin nan kusa da abin da aka auna a rijiyoyi sai ka ga nan ya haura da mita 8, can ya gaza da mita 12. Daidaitawa ita ce gyara lambobin da ka ba ƙasa, cikin iyakar abin da ilimin duwatsu ya yarda da shi, har lissafi ya matso kusa da awo.

Ka'ida guda ce za ka riƙe kafin ka taɓa komai. A 1856 Henry Darcy, injiniya a garin Dijon na Faransa, ya nuna cewa yawan ruwan da ke ratsa yashi ya dogara da abu uku: faɗin hanyar, gangaren tsayin ruwa, da sauƙin da ƙasar ke barin ruwa ya wuce, wanda ake rubutawa da harafin K. Abin da ya biyo bayan wannan shi ne tushen wahalar aikinmu. Idan ruwan sama da ke nutsewa ƙasa shi kaɗai ke ciyar da yankin, ka ninka shi sau biyu, ka kuma ninka K sau biyu, tsayin ruwa a rijiyoyi ba zai motsa ba. Samfura biyu masu bambancin yawan ruwa ninki biyu za su dace da awon rijiyoyi daidai wa daida. Saboda haka dacewa da awo kaɗai ba ta tabbatar da cewa samfurinka gaskiya ne, kuma duk matakan da ke ƙasa an tsara su ne da wannan a zuciya.

Kayan aiki

Manhajar lissafi. Wadda aka fi amfani da ita ita ce MODFLOW ta hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, wadda ta fara fitowa a 1984, sabon zubinta MODFLOW 6 kuma ya fito a 2017. Kyauta ce. Akwai FEFLOW ma, ta kuɗi. Don zana samfurin da ganinsa a ido, ModelMuse ta wadatar, ita ma kyauta. Wanda ya iya harshen kwamfuta na Python ya koyi manhajar FloPy, domin samfurin da aka gina da rubutaccen umarni ana iya sake gina shi gobe ba tare da an manta abin da aka taɓa ba.

Manhajar daidaitawa ta kai-da-kai: PEST, wadda John Doherty ya rubuta, ko 'yar'uwarta PEST++, ko UCODE. Sai QGIS don taswira, da kowace manhajar jadawalin lissafi.

Bayanai, waɗanda su ne ainihin kayan aikin: tsayin ruwa a rijiyoyi tare da ranar awo, tsayin bakin kowace rijiya daga doron teku, rahoton haƙa, mai nuna shimfiɗun ƙasa da zurfin da aka sa bututu mai huji, sakamakon gwajin jan ruwa, yawan ruwan da ake ɗiba, ruwan sama, sannan awon kwararar koguna da maɓuɓɓugai. Wannan na ƙarshe shi ne ake yawan rasawa, kuma shi ne ya fi kowanne daraja.

Da littafi guda, na takarda ko na kwamfuta, da za ka rubuta kowane gwaji: lambarsa, abin da ka sauya, dalili, da abin da ya fito. Bayan gwaji na 40 babu mai iya tuna abin da ya yi a na 12.

Mataki na 1: Rubuta tambayar da samfurin zai amsa

Jumla ɗaya, a shafin farko. Misali: idan aka ƙara ɗibar ruwa daga waɗannan rijiyoyi na shekara 20, nawa kwararar kogin za ta ragu a lokacin rani? Tambayar ce ke gaya maka irin awon da ya kamata ka fi damuwa da shi. Mai neman sanin makomar kogi dole ya dace da awon kogi. Mai bin sawun gurɓataccen ruwa yana bukatar alkibla da saurin tafiyar ruwan, ba tsayinsa kawai ba.

Mataki na 2: Tace bayanan awo

A nan nake kashe lokaci mafi yawa, kuma ban taɓa nadama ba. Daidaita samfuri a kan awo mara kyau kitso ne da ƙwarƙwata: sama ya yi kyau, matsalar tana ciki.

Fara da tsayin bakin rijiya. A fili zurfin ruwa ake aunawa daga baki, samfuri kuwa tsayi daga doron teku yake lissafawa, don haka duk kuskuren da ke cikin tsayin bakin rijiya yana shiga tsayin ruwa kai tsaye. GPS na hannu na iya kuskuren mitoci da dama a tsaye, haka ma taswirar tsayin ƙasa ta tauraron ɗan'adam mai gidajen mita 30. A ƙasa mai shimfiɗe, inda ruwa ke gangara da mita 1 a kilomita guda, kuskuren mita 5 ya isa ya juya maka alkiblar ruwa baya. Idan da hali a auna bakin rijiyoyin da na'urar safiyo ko GPS mai gyaran tasha. Idan babu hali, yi amfani da abin da kake da shi, amma ka rubuta girman kuskuren a gefen kowace rijiya, za mu bukace shi a mataki na 5.

Sai ka tambayi kowace rijiya: daga wace shimfiɗa take shan ruwa? Rijiyar da bututunta mai huji ya ratsa shimfiɗa biyu tana nuna gaurayen tsayin biyun, ba na ɗaya ba. Wadda ba ta da rahoton haƙa, ka kimanta daga zurfinta, ka kuma rage mata amana.

Cire awon da aka ɗauka inji na jan ruwa ko jim kaɗan bayan kashe shi. Ruwan cikin rijiyar da ake ja ya fi na ƙasar da ke kewaye da ita sauka, samfurin kuwa matsakaicin gida ɗaya yake bayarwa, gidan da faɗinsa kan kai mita 100 ko fiye. Idan na'urar rikodi ce aka rataya a rijiya, tabbatar an cire nauyin iska daga karatunta idan ba mai numfashi ba ce, wato mai bututun iska da ke cire nauyin da kanta, kuma an gwada ta da awon tef.

Daga ƙarshe zana jadawalin kowace rijiya, tsayi da lokaci, ka dube shi da idonka. Tsalle na mita 3 a rana ɗaya ba tare da dalili ba yawanci alama ce an sauya wurin da ake ɗora tef, ko an ɗaga na'ura an mayar da ita wani zurfin. Na taɓa shafe kusan mako biyu ina ƙoƙarin tilasta wa samfuri ya bi wata rijiya, sai daga baya ya bayyana an rubuta zurfinta da ƙafa, sauran kuwa da mita.

Mataki na 3: Tabbatar samfurin kansa lafiya yake

Buɗe fayil ɗin sakamako ka duba lissafin shiga da fitar ruwa. Bambancin da ke tsakaninsu ya zama ƙasa da kashi 1 cikin 100, kuma samfuri mai kyau yakan yi ƙasa da haka nesa. Idan ya haura, matse sharuɗɗan kammala lissafi ko ka nemo gidajen da ke kawo rikici. Gidaje masu bushewa su sake jiƙewa su ne manyan masu laifi. Tsarin lissafi na Newton, wanda ke cikin MODFLOW-NWT da MODFLOW 6, yana magance yawancinsu.

Duba kuma ta ina ruwan ke shigowa. Iyakar da ka ɗaure wa tsayin ruwa rijiya ce da ba ta ƙafewa: duk abin da samfurin ya nema za ta ba shi. Idan mafi yawan ruwanka daga irin wannan iyaka yake fitowa, samfurin zai dace da awo cikin sauƙi, kuma zai ce maka ɗibar ruwa ba ta da illa. Matsar da iyakar nesa da wurin da kake nazari, ko ka sauya ta da wadda ke da iyakar abin da take bayarwa.

Mataki na 4: Zaɓi lambobin da za ka juya, ka yi musu shinge

Waɗanda aka saba juyawa su ne K na kwance a kowace shimfiɗa, K na tsaye, yawan ruwan da ke nutsewa, sauƙin ratsawar gindin kogi, da lambobin ajiya, masu nuna yawan ruwan da ƙasa ke saki ko ɗauka idan tsayin ruwa ya sauya. Kowace ka rubuta mata ƙimar farawa, mafi ƙanƙanta da mafi girma, tun kafin ka ga sakamako, domin bayan ka gani zuciya za ta so faɗaɗa shingen.

Ga abin da za ka fara da shi idan babu gwaji. Yashi yakan ba da K daga kamar mita 1 zuwa 100 a rana, tsakuwa ɗaruruwa ko fiye, yumɓu kuwa ƙasa da mita 0.001 a rana. Tazarar tana da faɗi ƙwarai, shi ya sa ake juya K ta hanyar ninkawa da rabawa, ba ƙari da ragi ba. Ana yawan fara K na tsaye da kashi ɗaya cikin goma na na kwance. Kason ruwan da yashi ke saki idan tsayin ruwa ya sauka yana tsakanin 0.1 da 0.3, amma shimfiɗar da yumɓu ya rufe ta sama tana da lambar ajiya ƙarama sosai, daga 0.00001 zuwa 0.001. Inda aka yi gwajin jan ruwa aka fassara shi da hanyar Theis ta 1935 ko ta Cooper da Jacob ta 1946, fara da wannan, kana sane da cewa gwajin ya ga kewayen rijiyar ne kawai.

Ruwan da ke nutsewa ka nemo masa kiyasi daga wajen samfurin. Hanya mai sauƙi: idan ruwan rijiya ya hau mita 1.5 a damina, kason sakin ƙasar kuma 0.1 ne, to abin da ya nutse ya kai mita 0.15, wato milimita 150. Wata hanyar ita ce kwatanta sinadarin kulorayid na ruwan sama da na ruwan rijiya.

Mataki na 5: Ba kowane awo nauyinsa

Gibi shi ne awo a debe lissafi. Manhajar daidaitawa tana ninka kowane gibi da nauyinsa, ta ninka abin da ya fito da kansa, ta tara duka; wannan jimla ce take ƙoƙarin ragewa. Nauyi shi ne 1 a raba da kuskuren da kake zato. Rijiyar da aka yi wa safiyo, mai kuskuren rabin mita, nauyinta 2. Wadda aka ɗauko tsayinta daga taswira, mai kuskuren mita 5, nauyinta 0.2. Kwararar kogi ta kubik mita 10,000 a rana mai kuskuren kashi 20 cikin 100, wato 2,000, nauyinta 0.0005.

Kuskuren da masu koyo ke yi shi ne ba komai nauyi 1. Sai lambobin kogi, da yake dubbai ne, su danne na rijiyoyi gaba ɗaya. Akasinsa ma yana faruwa: rijiya ɗaya mai na'urar rikodi ta kawo awo dubu goma, ta rinjayi rijiyoyi hamsin masu awo ɗai-ɗai. Rage irin wannan zuwa matsakaicin wata, kuma ka raba awo rukuni-rukuni, ka ga kowane rukuni yana da murya a jimlar tun farko.

Mataki na 6: Fara da hannu, a yanayin da ba ya sauyawa

Zaɓi lokacin da shiga da fitar ruwa suka yi kusan daidai, galibi kafin a fara ɗiba mai yawa, ko matsakaicin shekaru da dama. Kada ka garzaya wurin manhajar kai-da-kai tukuna. Gwaji ashirin ko talatin da hannu su ne za su koya maka halin samfurinka.

Bayan kowane gwaji ka zuba gibin a kan taswira, inda lissafi ya haura da launi ɗaya, inda ya gaza da wani, girman ɗigo gwargwadon girman gibi. Taswirar nan ta fi kowace lamba magana. Idan ko'ina ya haura, ko dai ruwan nutsewa ya yi yawa, ko K ya yi kaɗan, ko mafitar ruwa ta toshe. Idan kusa da kogi daidai ne amma gibin na ƙaruwa yayin da kake nisa da shi, matsalar K ce ko ruwan nutsewa. Idan tun daga bakin kogi aka kauce, duba tsayin kogin da gindinsa. Idan rijiyoyi biyu maƙwabta, ɗaya mai zurfi ɗaya marar zurfi, suna da bambancin tsayi a fili amma samfurin ya daidaita su, K na tsaye na shimfiɗar da ke tsakaninsu ya yi yawa.

Inda ɗigo masu launi ɗaya suka taru wuri guda, tsaya. Ruwa ba ya tsami banza. Wataƙila akwai tsagar ƙasa da ta tare ruwa, ko tsohon kwarin kogi da yashi ya cike, ko rijiyar da ake ja ba a rubuta ta ba, ko ruwan ban-ruwa da ke komawa ƙasa. Wannan ba aikin juya lamba ba ne. Koma ga rahotannin haƙa da taswirar duwatsu, ka gyara fahimtarka ta yankin. A ganina, mafi munin abin da mai wannan aiki zai yi shi ne ya zana ɗan da'ira kewaye da rijiya mai taurin kai ya ba ta K nata ita kaɗai don gibin ya ɓace. Gibin zai ɓace, saƙon da ƙasa ke aiko maka ma ya ɓace tare da shi.

Lamba ɗaya ake sauyawa a gwaji ɗaya. Sauya biyu tare kan zama tufka da warwara, ba ka san wacce ta yi aiki ba.

Yanzu ga batun da muka fara da shi. Don raba K da ruwan nutsewa dole ka sa awon kwarara: ruwan da kogi ke samu daga ƙasa a tsakiyar rani, ko abin da maɓuɓɓuga ke fitarwa. Awo biyu a kogi, sama da ƙasa, a rana ɗaya ta rani, bambancinsu ya ba ka abin da ƙasa ta zuba a tsakani. Idan babu kogi ko awo, ɗaure ruwan nutsewa a kiyasin mataki na 4, ka juya K kaɗai, sannan ka maimaita aikin da kiyasi mafi ƙanƙanta da mafi girma. Shekarun ruwa ma suna taimakawa: sinadarin tiritiyom da ke cikin ruwa, wanda rabinsa ke ɓacewa a shekara 12.3, yana nuna ruwan da ya shiga ƙasa kwanan nan, kabon-14 mai shekara 5,730 kuma na tsohon ruwa ne. Manhajar MODPATH, mai bin sawun ruwa a cikin samfuri, za ta lissafa maka tsawon lokacin tafiyar ruwa ka kwatanta.

Mataki na 7: Shigar da lokaci

Lambobin ajiya ba sa tasiri a yanayin da ba ya sauyawa, sai an shigar da lokaci suke bayyana. Fara wannan zagaye da tsayin da samfurin mataki na 6 ya lissafa, ba da taswirar da ka zana daga awon rijiyoyi ba. In ba haka ba shekarun farko za su tafi a gyaran rashin jituwar da kai ka jawo.

Dubi siffar jadawali fiye da tsayinsa. Idan hawa da saukar lissafi sun fi na awo girma, lambar ajiya ta yi kaɗan. Idan lissafi na riga awo hawa, ruwan na ɗaukar lokaci kafin ya ratsa busasshiyar ƙasar sama, sai ka jinkirta shigarsa. Dabara mai amfani ita ce ka ba samfurin sauyin tsayi daga awon farko na kowace rijiya a matsayin rukuni na daban, domin kuskuren bakin rijiya ba ya shiga cikinsa. Kuma ka yi shakkar alƙaluman ɗibar ruwa. Sau da yawa kiyasi ne, ba awo ba.

Mataki na 8: Miƙa wa manhajar kai-da-kai

PEST tana ɗan motsa kowace lamba, ta gudanar da samfurin, ta ga yadda kowane awo ya amsa, sannan ta lissafa inda za ta matsar da su duka. Gudu ɗaya ga kowace lamba ke nan a kowane zagaye, wani lokaci biyu. Lamba 200 da samfurin minti 10 sun zama minti 2,000, fiye da awa 33. Raba aikin ga ƙwaƙwalen kwamfuta 20 ya koma minti 100. Idan ba ka da su, sauƙaƙa samfurin: manyan gidaje nesa da wurin nazari, dogayen zangunan lokaci.

A ƙasa mai sarƙaƙiya, maimakon yanka ta yanki-yanki, ana warwatsa ɗigon jagora a taswira, manhaja ta nemo K a kowane ɗigo, a cike tsakaninsu da lissafi. Wannan na ba samfurin 'yanci, kuma 'yancin na da haɗari: lambobi sun fi awo yawa, za su iya dacewa da komai har da kuskuren awo. Maganinsa linzami ne, wanda ake kira tsarin Tikhonov: ka gaya wa manhaja kowace lamba ta zauna a ƙimar farkonta ko ta yi kama da maƙwabtanta, sai in awo ya tilasta mata motsi. Ka kuma sa mata jimlar da za ta tsaya a kai. Idan nauyinka ya yi daidai da kuskuren awo, jimlar bai kamata ta sauka ƙasa da yawan awon ba, kuma a aikace ana tsayawa sama da haka, tun da samfurin kansa ba cikakke ba ne.

Mataki na 9: Binciki abin da ya fito

Lambobin da manhaja ta samo ka fara dubawa, kafin gibi. Wadda ta manne a jikin shinge tana ɗaukar laifin wani abu ne da ya ɓace a samfurin. Yumɓun da ya fi yashi K, ko taswirar K mai tabo-tabo kewaye da kowace rijiya, alamar an wuce gona da iri ne. Ƙara matse linzami ka sake.

Sannan gibi. Matsakaicinsa ya kusanci sifili, kuma launukan su cakuɗe a taswira ba tare da tsari ba. Ana raba ma'aunin RMSE, wani nau'in matsakaicin girman gibi, da tazarar da ke tsakanin rijiya mafi tsayin ruwa da mafi ƙasa: mita 3 a tazarar mita 60 ya ba da kashi 5 cikin 100. Mutane da yawa na ɗaukar ƙasa da kashi 10 a matsayin abin karɓa. Ni ban cika dogara da shi ba, domin a yanki mai tsaunuka tazarar na da girma har samfuri mara kyau ya tsallake, alhali kuskuren mita 3 a bakin kogi ya isa ya mai da kogin da ke shan ruwa daga ƙasa ya zama mai zuba mata.

Mataki na 10: Gwada shi, ka auna faɗin amsar

Ware wasu shekaru da ba ka yi amfani da su ba, musamman masu fari ko ɗiba mai yawa, ka ga ko samfurin zai bi su ba tare da ka taɓa komai ba. Idan ya kauce, ka koyi wani abu; mayar da shekarun cikin aikin ka sake daidaitawa. Idan ya bi, kada ka rubuta cewa an tabbatar da shi. Tun 1992 masana ruwan ƙasa Konikow da Bredehoeft suka yi gargaɗi a kan wannan kalma, domin dacewa da jiya ba ta lamunce gobe, balle idan goben ta zo da ɗibar da yankin bai taɓa gani ba.

Sai ka koma ga tambayar shafin farko. Tun da tarin lambobi daban-daban na iya dacewa da awo ɗaya, nemo da yawa daga cikinsu. PESTPP-IES, da ke cikin PEST++, tana daidaita samfura ɗari biyu ko uku a tare, kuma yawan gudunta ya dogara ne da yawan samfuran, ba da yawan lambobi ba. Gudanar da tambayarka a kan kowannensu, ka ba da amsa a matsayin tazara: kogin zai ragu tsakanin kaza da kaza. Wanda ba shi da kwamfutar da za ta ɗauki wannan ya gina samfura uku ko huɗu da hannu, ɗaya mai ƙarancin ruwan nutsewa, ɗaya mai yawa, ɗaya da tsagar ƙasa a rufe, ɗaya a buɗe, kowanne a daidaita shi da awo. Idan tazarar ta yi faɗin da ba za a iya yanke shawara da ita ba, duba wace lamba ce ke jan amsar, ka rubuta a rahotonka awon da zai matse ta: wace rijiya za a haƙa, a ina, zuwa wane zurfi, ko wane sashen kogi za a auna a rani mai zuwa.